Bakin da Ya Dace da Bakinka

Duk wanda ya tashi a Gangara, ko a wani ƙauye na bakin iyakar Jibiya, ya san abin da ake kira sayen aike. Ka tara kuɗinka, ka damƙa wa direba ko ɗan'uwa mai zuwa birni, ka kwatanta masa abin da kake so, sannan ka zauna jira. In ya dawo da daidai, ka gode. In ya dawo da wani abu dabam, ba a mayarwa, sai haƙuri. Shi ya sa ɗan ƙauye ya fi ɗan birni bukatar sanin ainihin abin da yake nema tun kafin kuɗi su bar aljihunsa.

Yau ina so in yi muku magana, ƙannena, a kan wani ɗan abu da ake saye ta wannan hanya. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, amma sau da yawa shi ke sa mai koyon busa ya ɗore ko ya ajiye. Shi ne bakin saksofon, wato ɗan guntun da mabushi ke sawa a bakinsa.

Wataƙila kun taɓa ganin saksofon a hannun 'yan badujalar sojoji ko 'yan sanda, ko a talabijin: abin busa ne na tagulla mai lanƙwasa kamar lofe, jikinsa cike da madannai. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a birnin Paris a shekarar 1846, kuma daga sunansa aka samo sunan abin. A nahiyarmu, Fela Kuti da Orlando Julius na Nijeriya da Manu Dibango na Kamaru suna cikin waɗanda suka yi fice wajen busa shi. Mai kallo daga nesa kan ɗauka daga wannan tagulla mai walƙiya sautin yake fitowa. Aikin tagullar shi ne ta tsara sautin ta kuma ƙara masa ƙarfi. Inda ake haihuwar sautin kuwa can sama ne, a ɗan baƙin guntun nan da ba wanda ke kula da shi.

Mu da muka tashi a gona mun san sirrin tun ba mu san sunansa ba. Lokacin kaka, in an yanke dawa, mukan sami kara mai kyau, mu rarake cikinsa, mu tsaga ɗan siririn harshe a jikinsa da reza ba tare da mun cire shi ba. In ka sa baki, harshen ya yi ta karkarwa, sai kuka ya fito. In ka tsaga harshen da kauri, sai ka yi ta fama, jijiyar wuya ta tashi, ba sauti. In ya yi siriri da yawa, sai ya manne ya toshe. Kowane yaro yakan gyara nasa har ya dace da ƙarfin numfashinsa. Haka saksofon yake aiki. A ƙarƙashin bakin nan ana ɗaura wani ɗan falle da aka fere daga wani kara mai kama da gora, wanda ake nomawa sosai a yankin Var na kudancin Faransa. Iska ta bi ta tsakanin fallen da bakin, fallen ya yi karkarwa, sauti ya tashi. A wannan rubutu zan kira fallen harshe. Masu kanti a Nijeriya suna ce masa rid, bakin kuma mausfis. In ka tsallaka Maraɗi ko Yamai, inda ake ciniki da Faransanci, harshen sunansa ansh, bakin kuma bek, kalmar da ke nufin bakin tsuntsu. Ɗan bakin iyaka ya kamata ya riƙe sunayen duka, don bai san ta wane ɓangare aiken zai bi ba.

Algaitar da muke ji a hawan salla ita ma da harshe take aiki, sai dai nata falle biyu ne a haɗe, mabushi ya tura su gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa su jingina da wani ɗan faifai, ya cika kumatu da iska. Mai saksofon ba ya kumbura kumatu. Haƙoransa na sama suna zama a kan bakin, leɓensa na ƙasa ya ɗan rufe haƙoran ƙasa ya zama matashi ga harshen. Ke nan leɓe ne ke riƙe da linzamin sautin, kuma leɓen mai koyo bai yi ƙwari ba tukuna. Duk maganar zaɓen baki daga nan take farawa.

Ni na fara koyo ne bayan na gama sakandare, lokacin da na koma Katsina ci gaba da karatu. A unguwar da na sauka akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga ƙungiyar badujala, yana koyar da matasa busa a zaurensa da yamma. Baba muke ce masa. Sai da na nemi yardar mahaifina kafin in fara zuwa, don a wurinmu busa sana'ar gado ce, kuma ba kowane uba ne zai so a ce ɗansa ya kama ta ba. Ya amince bisa sharaɗin karatu ba zai ja baya ba.

Baba yana da wani tsohon saksofon nau'in alto da yake ara wa ɗalibai. Akwai manyan nau'o'i huɗu: sofrano, alto, teno da bariton, daga ƙarami zuwa babba, kuma yawancin masu koyo da alto suke farawa saboda bai yi nauyi ba kuma yatsu suna kai wa madannansa cikin sauƙi. Mako biyu na farko ko jikin saksofon ɗin bai ba ni ba. Baki da wuya kawai ya miƙo mini, ya ce in busa sauti ɗaya, in riƙe shi tsaye kamar an miƙe zare. Daga nan ya faɗa mini dokarsa: jikin saksofon za a iya arawa, amma baki da harshe kowa ya nemi nasa. Dalilin farko tsafta ce, don abin da ke shiga baki yana jiƙewa da yawu bai kamata ya yi yawo tsakanin mutane ba. Dalili na biyu shi ne leɓe yana sabawa da baki kamar yadda ƙafa ke sabawa da takalmi.

Kuɗin da nake da su na ƙwadagon hutu ne, na noma da na ɗaukar kaya, kuma sun isa saye ɗaya tak. Da farko na yi tunanin aika wa wani ɗan'uwanmu da ke Maraɗi, wanda kan je Yamai. Amma a watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai watan Afrilu na 2022. Ku da kuke wannan yanki kun san abin da rufewar ta yi wa ciniki da zumunci. Hanyar da ta rage mini ita ce Kano, ta hannun wani direba ɗan garinmu wanda bai taɓa riƙe saksofon ba. Dole in rubuta masa abin da zai nuna wa mai kanti, kuma dole rubutun ya zama daidai.

Na tambayi Baba ko in sayi irin na ƙarfe mai walƙiya da nake gani a bakin manyan mabusa a bidiyo. Bai ce mini e ko a'a ba. Ya shiga ɗaki ya fito da baki biyu, ɗaya na ƙarfe wanda ya yi aiki da shi shekara da shekaru, ɗaya kuma baƙi na roba. Ya wanke su, ya ɗaura sabon harshe a kowanne, ya ce, “Yaro, busa wannan, ka busa wannan, sannan ka gaya mini abin da bakinka ya ce.”

Na ƙarfen ya sha iskata kamar tulu mai huji. Sautin ya fito da ƙarfi, amma yana rawa, kafin in ƙirga biyar numfashina ya ƙare. Na robar kuwa da ɗan hurawa ya amsa, sautin ya zauna, na riƙe shi har na ƙirga goma sha biyu. Baba ya ɗaga su biyun saitin hasken ƙofa ya nuna mini ɗan gibin da ke tsakanin ƙarshen harshe da ƙarshen baki. Na ƙarfen gibinsa ya fi faɗi ƙwarai.

Wannan gibi shi ne abu na farko da mai koyo zai duba. Da milimita ake auna shi. Bakin alto da malamai da yawa a duniya ke ba masu koyo, wato Yamaha 4C, gibinsa milimita 1.6 ne. Na 5C yana da 1.7, na 6C kuma 1.8. Bakunan da ƙwararrun masu kiɗan jaz ke so sukan kai milimita 2 ko su wuce. Bambancin kamar ba komai ba ne a ido, amma a leɓe babba ne. In gibi ya yi faɗi, harshen yana da doguwar tafiya kafin ya rufe ya buɗe, don haka yana bukatar iska mai yawa da leɓe mai ƙarfi. Ladan wannan wahala shi ne sauti mai ƙarfi wanda gwani zai iya lanƙwasawa yadda ya ga dama. Mai koyo kuwa bai kai ga lanƙwasa sauti ba, miƙe shi yake nema ya yi. Gibi matsakaici ko ɗan matsattse shi ke taimaka masa. Ku kuma lura cewa kowane kamfani da yadda yake sa lambarsa. Lamba 5 a wannan kamfani ba lallai ta zama daidai da lamba 5 a wancan ba. Kamfanin Selmer na Faransa ma haruffa yake sawa, kuma nasa mai alamar C da tauraro ya shahara a wurin ɗaliban da suka ɗan yi nisa.

Abu na biyu shi ne taurin harshe, wanda shi ma lamba gare shi, daga 1.5 har zuwa 5. Mai koyo yakan fara da 2, ko 1.5 in yaro ne ƙarami, ya hau 2.5 bayan wasu watanni. Ƙa'idar ita ce baki mai faɗin gibi yana tafiya da harshe mai taushi, mai matsattsen gibi kuma yana ɗaukar mai ɗan tauri. Lambar ba makin jarrabawa ba ce, wanda ke busa 3 bai fi mai busa 2 iyawa ba. A nan ma kamfanoni sun bambanta: harshen Vandoren na gargajiya yakan fi na Rico mai lamba ɗaya da shi tauri kaɗan.

Abu na uku shi ne cikin bakin. In ka leƙa za ka ga rufin ciki da kuma ɗan ɗakin da iska ke bi. In rufin ya matso kusa da harshe, iska takan fita da gudu, sautin ya yi kaifi da tsini. In ɗakin yana da fili, sautin yakan yi taushi da kauri. Wannan siffa ta ciki ta fi tasiri a kan sauti fiye da abin da aka ƙera bakin da shi, ko filastik ne, ko baƙar roba mai tauri da ake kira ebonayit, ko ƙarfe. Yawancin bakunan ƙarfe an yi su ne don ƙwararru, shi ya sa suke ba mai koyo wahala, ba don ƙarfen kansa ba.

A zauren Baba akwai wani abokin koyona, ɗan gidan wadata, wanda aka saya wa sabon saksofon tun watan farko. Ya ƙara da bakin ƙarfe mai faɗin gibi da harshe mai lamba 3.5, don ya ji an ce haka manya ke yi. Domin ya sami sauti sai ya riƙa cije bakin da ƙarfi, haƙoransa na ƙasa suka yi ta yanka cikin leɓensa. Sautin ƙasa ya ƙi fita, na sama kuma ya riƙa tsuwa kamar an taka jela. Baba ya yi masa magana sau biyu, amma kuɗin da ya kashe sun hana shi sauraro. Kafin shekara ta zagayo ya daina zuwa, yana cewa ba shi da baiwa. Yaron yana da kunne fiye da yawancinmu, yakan kama waƙa da ji ɗaya. Har yau in na tuna da shi nakan ji ba daɗi, don abin da ya raba shi da busa bai kai kaurin farce ba.

A takardar da na ba direba na rubuta abu huɗu: sunan kamfani, lambar bakin, kalmar alto da manyan haruffa, da akwatin harshe mai lamba 2, shi ma na alto. Kalmar nan ta alto tana da muhimmanci, domin bakin teno ba ya zama daidai a wuyan alto, harshensu ma ba girma ɗaya ba ne. Na roƙi direban ya tabbata akwai maɗauri, wato zoben da ke riƙe harshe a jikin baki, da kuma murfi. Wasu bakunan ana sayar da su ba tare da waɗannan ba. Yau da waya ta yawaita, abin ya fi sauƙi: ka sa a ɗauko maka hoton kwalin da na bakin kansa, ka nuna wa malaminka kafin a biya. In kuwa da hali, zuwa da kai ya fi aike.

Da saƙon ya iso, Baba bai bari na busa ba sai da muka bincika shi, kuma ga yadda ake yi. Ka duba ƙarshen bakin da kyau, kada a sami ɓantara ko tsagewa ko da ƙarama ce. Ka duba siraran gefuna biyu da harshe ke kwanciya a kansu, su zama kaurinsu ɗaya, ba karce. Sannan ka jiƙa harshe, ka ɗaura shi, ka toshe ƙasan bakin da tafin hannu, ka tsotse iskar ciki, ka zare bakinka. In komai ya zauna daidai, harshen zai manne na ɗan lokaci kafin ya saki da ɗan ƙara “fat”. In ya saki nan take, iska na zurarewa ta wani wuri, ko dai harshen ya karkace ko bakin ba shi da kyau. Wannan gwaji yana da amfani musamman ga bakunan da ke zuwa cikin akwatin saksofon mai araha, waɗanda ba su da sunan kowa a jiki, da kuma na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Araha ba ta ado. Baki mai kyau a kan tsohon saksofon ya fi lalataccen baki a kan sabo amfani.

Akwai gwaji na biyu ga mai wayar da ke da manhajar auna sauti. Ka sa bakin a wuyan alto, ka busa ba tare da jikin ba. Ya kamata manhajar ta nuna sauti kusa da A♭, wanda wasu manhajoji ke rubutawa G#. In ya haura sosai, cizo kake yi, ka sassauta muƙamuƙi.

Bayan saye sai kula, kuma yanayinmu ba ya tausayin waɗannan kaya. Da hunturu iska takan busar da harshe har bakinsa ya yi kwarkwasa ko ya tsage. Ka jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta minti ɗaya ko biyu kafin busa, in ka gama ka cire shi daga jikin baki, ka goge, ka mayar cikin gidansa. Akwatin harshen alto yakan zo da guda goma. Ka fitar da uku ko huɗu ka riƙa juya su, sun fi daɗewa a kan ka kashe ɗaya bayan ɗaya. Akwai harshen roba, irin na kamfanin Légère na Kanada, wanda bushewar iska ba ta damunsa kuma yakan yi watanni, sai dai ya fi tsada. Da bazara kuma kada ka bar baki a rana ko cikin mota. Kada ka wanke shi da ruwan zafi, musamman na ebonayit, don yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa, yana iya ma karkacewa. Ruwan sanyi da ɗan sabulu sun wadatar. Zafi da sanyi suna taɓa sautin kansa: da rana tsaka saksofon yakan haura, sai ka ɗan janyo bakin waje a kan wuyan, da sanyin safiya kuma yakan sauka, sai ka ɗan tura shi ciki.

Na san akwai wanda zai ji kunyar fitowa da baƙin baki na roba a gaban masu na ƙarfe. Ga wani labari na gaskiya. A ranar 15 ga Mayu, 1953, a zauren Massey Hall da ke birnin Toronto na Kanada, Charlie Parker, wanda ake sa shi cikin manyan masu busa alto da aka taɓa yi, ya hau dandamali da saksofon ƙirar Grafton, wanda jikinsa na filastik ne. An naɗi kiɗan wannan dare, kuma har yau masu koyon jaz suna saurarensa suna ɗaukar darasi. Abin da mutane suka ji a daren shekarun da ya yi yana atisaye ne.

Bakin nan da direba ya kawo mini na yi shekara biyu da rabi ina busa shi kafin in ji ina bukatar wani. Alamar ta zo ne da kanta: na kai inda nake tura iska fiye da yadda gibin zai ɗauka, kuma na riga na san irin sautin da nake nema a kunnena. A lokacin na je Kano da ƙafata, na gwada guda uku, na zaɓi wanda gibinsa ya ɗara na farko kaɗan. Tsohon na wanke shi na ajiye, daga baya na ba wata ɗaliba da ta fara koyo, don busa ba ta maza kaɗai ba ce.

Wanda ke sha'awar wannan abu a cikinku, ya fara da neman yardar iyaye da kuma malamin da zai tsaya a kansa, ko a ƙungiyar faretin makaranta ko wurin wani tsohon mabushi. Ya nemi baki mai matsakaicin gibi da harshe mai lamba 2, ya tabbata na irin saksofon ɗin da zai busa ne. Sannan kullum, bayan an gama aikin gida da na makaranta, ya sami wurin da ba zai dami maƙwabta ba, ya ware minti goma sha biyar yana riƙe sauti ɗaya tsaye. Da rarrafe yaro kan tashi. Ranar da leɓenka ya yi ƙwari, ba sai kowa ya gaya maka bakin da za ka saya na gaba ba, kunnenka zai zaɓa maka.